Watan da Ya Sunkuya Ya Ci Ciyawa

Zuwa ga Malam Mahmuda, mai ba da shawara,

Assalamu alaikum. Malam, ka taimake ni don girman Allah, kuma ka taimake ni da wuri, kafin watan azumi ya kama, don in ya kama ban samu mafita ba, kashina ya bushe. Ina roƙonka kada ka buga sunana, kada kuma ka buga sunan garinmu, saboda a Ɗantutture ba a riƙe magana, ga shi duk jaridar da ta shigo sai an karanta ta da ƙarfi a bakin masallaci. Ka ce kawai wani bawan Allah ne daga ƙasar Kurfi. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin Yaƙi da Jahilci, kuma yanzu haka hancina na bisa takardar.

Gidanmu gidan duban wata ne. Kakana shi ke hawa dutsen da ke yamma da gari duk ranar ashirin da tara ga wata, ya tsaya har magariba. In ya hango jinjirin wata ya nuna wa jama'a, liman ya shaida, mai gari ya tashi mutum zuwa Kurfi wurin hakimi. Da ya rasu mahaifina ya hau, da shi ma ya rasu na hau. Tun ina ƙarami Baba ke ɗora ni bisa kafaɗa yana nuna mani inda wata ke fitowa: da damina ta kan wace kuka, da rani ta wane gefen tudu, da tsawon da yake yi sama da ƙasa. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa mana rawani. Amma ko yanzu da rediyo ta zo, in an ji sanarwa, mutanen garinmu ba su ɗaura niyyar azumi sai sun tambaya ko na gani. Tsofaffin mata Mai Wata suke ce mani, kamar a aljihuna nake ajiye shi. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin sunan. Ba ni da shanu, ba ni da ilimi, muryata ko ladanci ba ta yi, ido kaɗai Allah ya ba ni.

Baba ya bar mani ƙa'idar gyaran ido, kuma ban taɓa saɓa ta ba. Ya ce ido kamar wuƙa yake, sai ana wasa shi, dutsen wasa shi kuwa rana ce. Kullum in ta yi ja za ta faɗi, sai in tsaya in ƙura mata ido har hawaye ya zubo, hawayen nan shi ne tsatsar da ke fita. Sai kuma kwallin gidanmu, wanda ake niƙawa da maɗaciyar shaho, don ba a taɓa jin shaho ya suri dutse yana zaton ɗan tsako ne ba. Tandun kwallin na kakana ne, tsinken ma nashi ne. Kowa a gidan da shi yake zizarawa, maƙwabta ma sukan shigo ranar Juma'a a sa masu don neman tabarraki.

To, da daminar bana na je kasuwar Dutsin-Ma, ina zaune wurin mai shayi sai na ji rediyo na cewa wai Turawan Amurka sun hau wata, sun taka shi da takalma, har sun ɗebo ƙasarshi sun taho da ita. Mutane suka kaure da gardama, wasu na cewa ƙarya ce. Ni ban yi gardama ba, gabana ne ya faɗi, don na san abin da takalmi ke yi wa sabon daɓe. Ilai kuwa, tun daga lokacin watan nan bai sake zama daidai ba. Ko ranar sha huɗu na dube shi sai in gan shi dishi-dishi, gefenshi duk ya baje. Wani lokaci ma su biyu nake gani, ɗaya goye da ɗaya. Na ce lallai mutanen nan sun ture shi daga mazauninshi.

Mai ɗakina Larai ta ce ba wata ba ne, ni ne. Hujjarta wai tun kafin Turawan su hau na taɓa yi wa suri sallama a hanyar Dabawa, na tsaya jiran amsa, da na ji shiru na ce girman kai rawanin tsiya, na wuce. Hakan ya faru, amma surin nan duk wanda ya gan shi zai rantse dattijo ne zaune. Ta kuma ce ran nan na shigo gida na tsaya ina yi wa turmi faɗa a kan miya ta yi gishiri, ita tana bayana tana kallona. Shi ma ya faru, amma ai ita ta shanya zanenta bisa turmin.

Inda ƙwai ya fashe shi ne duban watan Rajab. Na hau dutse, jama'a na biye da ni kamar kullum, har da Labaran. Labaran ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, kuma ka san taubashi, komi ya faɗa maka ba ka da ikon fushi. Tun muna yara yake cewa idonshi ya fi nawa, gado kawai na fi shi. Rana ta faɗi, na fuskanci inda ya kamata, ban ga komi ba. Na ɗan sauke ido, sai ga wani farin abu siriri, lanƙwasasshe, ya kishingiɗa bisa tudun da ke gabanmu. Na san ya yi ƙasa da yawa, amma na ce ai dole, tun da an ture shi. Na ɗaga hannu na yi kabbara, na ce ga shi can, Allah ya sa mu ga alherinshi. Jama'a suka fara shafa addu'a. Muna cikin shafawa, Malam, sai watan ya sunkuya ya fara cin ciyawa.

Ashe bijimin Yero ne, wani Bafillace da ke hawar da shanunshi bisa tudu da damina don kada su shiga gonaki. Jan bijimi ne, jikinshi ya saje da duhun tudun, farin ƙahon kaɗai ya fito. Labaran ya faɗi yana dariya har hularshi ta gangara ƙasan dutse. Da ya samu numfashi ya ce a yi maza a aika Kurfi a shaida wa hakimi wata ya tsaya, kuma da ƙafa huɗu ya tsaya. Bayan nan ya duba daidai inda na fara fuskanta, ya nuna watan gaske, kowa ya gani ban da ni, na dai ce eh, shi ma ga shi can. Washegari na tarar da damin ciyawa a ƙofar gidana, wai gudummawa ce a kai wa wata. Yero kuwa, da labari ya kai mashi, sai ya sa wa bijimin suna Rajab, kuma an ce yana amsawa.

Na koma gida na ce sakaci na yi da ƙa'idar Baba, bari in ƙara himma. Na daina jiran rana ta yi ja, tun da sauran ƙarfinta nake kallonta. Shaho ya yi wuyar samu, na sa maɗaciyar zakara, na ƙara da ruwan albasa. Wani ya ce garin taba na buɗe ido, na gwada. Ya buɗe kam, har unguwar gaba sun ji ihuna. Yanzu idona ja yake kamar gauta, da safe sai Larai ta jiƙa tsumma ta ɓamɓare mani kwantsa kafin in gane alƙibla. Duk wanda ya sa kwallin gidanmu cikin kwanakin nan shi ma idonshi ya yi ja, har maƙwabta. Ni na ɗauka alama ce magani na aiki, amma dai an daina shigowa ranar Juma'a. Ga kuma wani ɗan baƙin tabo da ke biye da ni duk inda na duba, na zaci ƙuda ne, na kai mashi duka ya fi a ƙirga.

Akwai Malam Simeon, akawun awon auduga a Dutsin-Ma, Kirista ne daga kudancin Zariya, mutumin kirki, ni ke kai mashi ƙwan zabi. Yana da tabarau mai kauri. Na ja shi gefe na roƙe shi aro. Ya ce ba haka ake yi ba, kowane ido da nashi awon, nashi na karatu ne, in je asibiti a gwada ni. Na ce mashi ido ai ido ne, riga ma ana aronta a je biki. Da ya ga na kusa yin kuka sai ya ba ni. Na zagaya bayan kasuwa inda ba kowa na ɗora shi bisa hanci. Malam, ƙasa ta taso ta zo mani har gwiwa. Na riƙa ɗaga ƙafa sama kamar mai ƙetare rafi, ina tafiya ina laluben iska, ban ankara ba na zurma ƙafar dama cikin rijiyar marina. Masu rini suka ciro ni, ɗayansu har yana tambaya ko a buga ta ta yi sheƙi. Na goge da toka, na goge da sabulu, har yau ƙafar shuɗiya ce. Na mayar wa Malam Simeon abinshi, ya karɓa, kafaɗarshi dai na ta rawa don dariya. Ni ko da tabarau ɗin ya yi mani aiki ma, shin liman zai karɓi shaidar watan da aka gani ta cikin gilashin Bature? Kuma in Labaran ya ga Mai Wata da tabarau, ai sai dai in kwashe iyalina mu koma Maraɗi.

Sai wata dabara ta zo mani. Larai na da ido, duk unguwa ita ke sa wa tsofaffi zare a allura. Daga tsakar gidanmu ana ganin yamma sarai, kuma in ana daka a gidan har bisa dutse ana ji. Na ce mata ranar duban Sha'aban ta tsaya ga turmi, da ta ga wata ta saki taɓarya, ni kuma in na ji in yi kabbara. Ta ce ba ta shiga wannan shirme. Na yi ta lallashi, na ce gwaji ne kawai, da ƙyar ta yarda. Abin da na manta shi ne Gogo, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda ba ta da lokacin daka sai sa'ad da ta ga dama. Mun hau ke nan, hadari ya rufe yamma baƙi ƙirin, rana ma ba ta gama faɗuwa ba, sai na ji tim, tim. Na ɗaga hannu na yi kabbara. Aka duba, aka sake dubawa, ba komi sai hadari. Liman ya tambaye ni a hankali ina yake, na ce yana bayan hadarin. Labaran ya ce lallai idon ya ƙara ƙarfi, wancan wata ƙaho ya gani, wannan watan har gaibu. Gogo kuwa ashe daddawa take kirɓawa.

Da na dawo gida Larai ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce azumin mutanen gari ba zai rataya ga taɓaryarta ba, ko da zan sake ta a kai. Ta ce in je asibiti, ta shiga ɗaki tana share hawaye. Ina jin hawaye ne, ban gani sosai ba.

Yanzu ga inda nake. Mai gari ya aiko cewa ranar duban azumi Labaran zai tsaya kusa da ni, wai don ya riƙe mani sanda. Ni ba yaro ba ne, na san abin da ake nufi. Sannan akwai wani mai maganin ido da ke zuwa kasuwar Dutsin-Ma da 'yar jakar fata da tsinken ƙarfe. Ya buɗe idona da yatsa ya ce yanar ido ce ta fara rufe shi, zai soka tsinken ya ture ta ciki nan take a gindin bishiya, in tashi ina hango Katsina. Ya ce kasuwa mai zuwa in taho da farin zakara. Na riga na kama zakaran na ɗaure.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba dariyar Labaran ce ta fi cina ba. Ɗiyata ta zo wankan jego da ɗanta na fari, aka miƙo mani shi, kowa na cewa ya ɗebo Baba, hanci da goshi duk nashi ne. Na ce ƙwarai kuwa. Malam, ban ga komi ba sai ɗan dunƙule cikin zane. Na kai fuskata kusa don in gani, yaron ya ga jan idona ya tsala ihu, uwar ta karɓe abinta wai kada in shafa mashi ciwo. Na fita zaure na zauna ni kaɗai. Ina tsoron makanta, tsoro mai yawa, kuma ina jin kunyar a ce a kaina gadon gidanmu ya mutu.

To mi zan yi? In je wa mai tsinke? In sake lallashin Larai, mu kuma roƙi Gogo ta yi dakanta da hantsi? Ko akwai inda ake kai ƙarar Amurkawa? Ka amsa mani da wuri, kwanaki na tafiya.

Naka cikin damuwa,
Wani Bawan Allah, ƙasar Kurfi.

*

Wa alaikumus salam, Bawan Allah.

Sunanka na ɓoye shi kamar yadda ka roƙa. Sunan garin na ɗauki alƙalami zan goge, sai na tambayi kaina mutum nawa ne a ƙasar Kurfi ke yawo da shuɗiyar ƙafa ɗaya. Na bar shi. Gara ma a karanta a bakin masallacin, za ka ga dalili a ƙasa.

Na yi dariya da wasiƙarka har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Da na zo kan jikanka dariyar ta tsaya. Don haka bari mu fara da abin da ba ya jira.

Kada ka je wa mai tsinke. Ko kasuwa mai zuwa, ko wadda ke bayanta. Na san mutanen da suka zauna a gindin irin wannan bishiya. Wasu sun ga haske na 'yan kwanaki suna murna, sai ciwo ya taso, idon ya rufe har abada, mai jakar kuwa ya riga ya yi kasuwa uku gaba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Farin zakaran da ka ɗaure ka yanka shi, a yi miya, hantar kai da Larai ku raba.

Amurkawa kuma na wanke su. Sun taka wata, amma ba su taka surin hanyar Dabawa ba, ba su kuma hau turmin gidanka ba. Tun da Labaran ya ga watan, jama'a ma sun gani, to yana nan lafiya inda Allah ya ajiye shi. Larai ce da gaskiya, kai ma ka sani, shi ya sa ka ɗauki alƙalami.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya so ka da alheri, amma ƙa'idarsa ba ita ta ba shi ido ba. Allah ne ya ba shi mai ƙarfi har ya jure ta. Daga yau ka daina kallon rana, ja ce ko fara. Na karanta wa wani abokina ma'aikacin asibiti wasiƙarka, ya ce rana na ƙona cikin ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma mai yiwuwa ƙudan da kake ta duka aikinta ne. Ko wuƙar da mahaifinka ya yi misali da ita, in aka matsa mata da wasawa ƙarewa take yi. Albasa ta koma tukunya, taba ta koma wurin masu ita, maɗaciya a bar wa shaho kayansa. Kada wani abu ya sake shiga idonka sai ruwa mai tsabta da maganin da aka ba ka a asibiti.

Jan idon da ya bi gidanka da maƙwabta ba alamar magani ba ce, tsinken kakanka ne ke jigilar ciwo daga ido zuwa ido. Ka rataye tandun a ɗaki don tunawa da shi, ya yi aikinsa ya gama. Wanda zai sa kwalli bayan an warke ya nemi tsinkensa shi kaɗai. Haka tsumman da ake share maka kwantsa, naka ne kai kaɗai, a wanke shi da sabulu a shanya. A riƙa wanke wa yara fuska safe da yamma, a kore musu ƙuda, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ido. Larai ma ta rage zama cikin hayaƙin ɗakin girki, tun da idonta ne na unguwa. Zogale, alayyafo, manja, gwanda, ƙwai, duk abincin ido ne, ta baki ake ba shi. 'Yarka da ta karɓe ɗanta kada ka riƙe ta a zuciya, daidai ta yi.

Gobe, ba jibi ba, ka je ɗakin shan magani na Dutsin-Ma a duba jan idon, ka tafi da duk wanda nasa ya yi ja. Ka nemi su ba ka takarda zuwa Katsina ko Kano inda masu aikin ido suke. Ni ba likita ba ne, ba zan gane daga nan ko tabarau kake bukata ko yana ce da gaske ba. In tabarau ne za su auna ka su ba ka naka, kamar yadda Malam Simeon ya gaya maka kafin ka je rini. In yana ce, su ma suna cire ta, da wankakken hannu, kuma in ka koma za ka same su inda ka bar su. Ban yi maka alkawarin za a gama kafin azumi ba. Watakila na bana ya wuce ka.

Na san nan ne ke maka ciwo, kuma ban raina shi ba. Abin da mutum ya gada daga kaka da uba, aka san shi da shi, ba ƙaramin abu ba ne a ce ya saki. Amma ka duba ɗaya gefen. Mutanen garinku ba don suna ganin ka fi shaho ido suke jiran maganarka ba, sai don sun yarda in ka ce ka gani, ka gani. Dabarar turmi kuwa ita ce ka ce ka gani alhali ji ka yi, a kan ibadar gari guda. Larai ta tsame ka daga ramin da ya fi na marina zurfi, ka gode mata. Zancen ko shaida na karɓuwa ta cikin gilashi, ka tambayi limaminku kai tsaye. Ni dai na san limamai da dama da ke duba littafi da tabarau, in sun ji sallama su tura shi ƙarƙashin buzu.

Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Ranar bijimin Yero, ina Labaran ya samo watan gaske? Inda ka fara fuskanta. Kai ka san kukar da yake fitowa ta kanta da damina, ka san gefen tudun da yake komawa da rani, har ƙahon ma ka san ya yi ƙasa da yawa. Wannan shi ne abin da mahaifinka ya ba ka a kan kafaɗarsa, kuma ba ya yin yana. Labaran na da ido amma bai san inda zai ajiye shi ba. Don haka ka je wa mai gari da ƙafarka, shuɗiyar da ɗayar, ka ce idonka na jinya, bana Labaran zai duba kai za ka nuna. Ranar duban ka tsaya a bayansa, ka kama kunnuwansa biyu ka juya kansa zuwa inda ya dace. Taubashinka ne, ba shi da ikon fushi, kuma ba wanda zai auna ƙarfin riƙon.

Labaran, na san kana bakin masallacin nan kana saurare. Wasanka ya yi daɗi, ni ma na dara, amma ya isa haka. Taubashi ba na dariya kaɗai ba ne. Ka kwashe damin ciyawar nan ka kai wa Yero, ka hura keke, gobe da safe kai za ka goya ɗan'uwanka zuwa Dutsin-Ma, kuma ranar tafiya babban asibiti kai ne ɗan rakiya.

Kai kuma Bawan Allah, in ka dawo da tabarau ka sa shi a bainar jama'a, kada ka ɓoye. Za a yi maka dariya kwana biyu a gaji. Ka fara da jikanka, ka duba da kyau ko hancin na mahaifinka ne da gaske. Daga nan ka nemi Larai ka ba ta haƙuri, ka tabbata ita ce ba turmi ba. Baɗi in ka hau dutse da idonka, ka ga farin abu ya lanƙwasa a yamma, ka ɗan jinkirta kabbarar. In bai sunkuya ya ci ciyawa ba, wata ne.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya jikan, ya kai mu azumi da rai da ido.

Malam Mahmuda.